Mondrian, Malevich, Delaunay Ko Kandinsky: Wanne Za Ka Bi a Zanen Siffofi Zalla?

Tsakanin 1910 da 1930 wasu masu zane a Turai sun daina zana mutum da dabba da bishiya, suka koma ga murabba'i, da'ira, alwatika, layi da launi kawai. Wanda ya ga ayyukansu a intanet ya ji yana sha'awar gwadawa, ko don koyo, ko don ado a falo, ko don sayarwa, yakan tsaya ne tsakanin hanyoyi huɗu: ta Piet Mondrian ɗan Holan, ta Kazimir Malevich na Rasha, ta Robert Delaunay da matarsa Sonia a Faris, da ta Wassily Kandinsky a shekarunsa na koyarwa a makarantar Bauhaus ta Jamus. A fuskar waya duk sun yi kama da juna, har mutum ya ɗauka duk mai rula zai iya. A gaban kambas, wato yadin da ake zane a kai, bambancin yake fitowa. Kuɗin da suke ci ba ɗaya ba ne, hannun da suke nema ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da inda yake ɓaci.

Irin wannan zane yana da kasuwa a wurinmu, domin gidaje da yawa ba sa rataya hoton mai rai. Idonmu ma ya saba da siffofi, daga zayyanar allo zuwa dagin da ke bangon gidajen Zariya da Kano. Sai dai a lura: zayyana tana tafiya ne da maimaici, dama ta dace da hagu. Waɗannan masu zane, musamman biyun farko, guje wa hakan suka yi da gangan. Hannun da ya saba da zayyana zai riƙa jan komai zuwa tsakiya, kuma wannan ne abu na farko da zai yaƙa.

Abin da za a auna

Kuɗi: farashin fenti yana bin dala, don haka a ƙirga shi da yawan bututun fentin da salon yake buƙata da kuma tsadar launukan. Launukan kadmiyam da kobalt su ne masu tsada a kowane shago. Baƙi, fari da launukan ƙasa su ne masu araha.

Sauƙi: shin aikin ya dogara da awo, ko da tsayuwar hannu, ko da idon da ya san launi.

Ƙarko: me zai sami zanen bayan shekara biyar ko goma, da ƙurar hunturu da laimar damina.

Haɗari: in ka yi kuskure, yana ɓoyuwa ko yana tona kansa, kuma ana iya gyara shi ko sai an sake daga farko.

Hanyar Mondrian

Ƙa'idarsa a taƙaice take. Layuka baƙaƙe a tsaye da a kwance kawai, launuka uku, ja, shuɗi da rawaya, sai fari da ruwan toka. Babu kore, babu layin karkace. Har saɓani ya shiga tsakaninsa da Theo van Doesburg, wanda ya kafa mujallar De Stijl a 1917, lokacin da shi Doesburg ya shigo da layin karkace a tsakiyar shekarun 1920. Misali mafi kyau ga mai koyo shi ne zanensa na 1930 da ke Zurich: babban jan murabba'i a sama ta dama, ƙaramin shuɗi a ƙasa ta hagu, ɗan guntun rawaya a ƙasa ta dama. Faɗinsa bai kai rabin mita ba.

A kuɗi babu wanda ya fi shi sauƙi sai Malevich. Bututu biyar sun isa, sai tef ɗin takarda, rular ƙarfe, reza da buroshi mai faɗin baki guda biyu. Amma a nan ne araha ba ta ado. Ja da rawaya na ɗalibai ba sa rufewa, sai ka shafa sau uku ko huɗu, kowane shafi kuma yana ƙara tudu a bakin layi. Kadmiyam na gaske yana rufewa a shafi biyu. Shuɗin altramarin, ko mai tsada ne, yana da ɗan shara-shara, yana barin sawun buroshi, don haka a ba shi shafi uku marasa kauri ko a ɗiga masa fari kaɗan.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ka sami kambas mai santimita 50 ta kowane gefe, ka shafa masa jeso, wato farin shafin share fage, sau uku, kana goge shi da samfefa mai lamba 220 tsakanin shafi da shafi. Kafin ka taɓa fenti, yanki baƙar takarda siri-siri, faɗin milimita 6 zuwa 10, ka riƙa matsar da su a kan kambas har tsarin ya zauna. Shi kansa Mondrian da tef mai launi yake gwada tsari a Niyok. Sannan ka yi alama da fensir, ka fara da fararen filaye, ka bi da masu launi, baƙaƙen layuka su zo a ƙarshe.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bakin layi. Saƙar kambas tana da ramuka, fenti yana bi ta ƙarƙashin tef ya fito kamar haƙoran zarto. Maganinsa: bayan ka manna tef ka danne shi da bayan cokali, ka shafa wa bakinsa launin da ke ƙarƙashi, ka bari ya bushe. Shi zai toshe ramukan, sannan ka sa baƙin. Ka cire tef ɗin a hankali, kana ja baya a karkace, tun fentin bai gama bushewa ba. In ya riga ya bushe, bi bakinsa da reza tukuna, in ba haka ba zai ɗago da fatar fentin.

Kuskure na biyu ba na hannu ba ne, na ido ne. Mai koyo yakan raba filayen daidai wa daida, ya cika rabinsu da launi, sai abin ya koma tayil ɗin banɗaki. A yawancin zanen Mondrian fari ne ya fi yawa, da wuya ka sami filaye biyu masu girma ɗaya, layukan ma kaurinsu ya bambanta. Farinsa kuma ba ɗaya ba ne: wani ya karkata zuwa shuɗi, wani zuwa ruwan toka, kuma in ka matsa kusa za ka ga sawun buroshi yana bin hanya ɗaya a kowane fili.

A ƙarko, tarihinsa ya isa darasi. Zanensa da yawa sun tsattsage a yau saboda yana yawan kankarewa da sake shafawa, fentin mai yana taruwa da kauri. Zanen tef ɗinsa na 1941 da ke Dusseldorf an gano a 2022 cewa ya yi sama da shekara 75 a rataye kai a ƙasa, amma aka bar shi haka, don gam ɗin tef ɗin ya saki, juya shi na iya zubar da su. Tef na gwaji ne da rufe baki. Kada ka bar shi a jikin aikin da za ka sayar.

Hanyar Malevich

A Disamba 1915, a wani baje koli mai suna 0,10 a Petrograd, birnin Rasha da ake kira St. Petersburg a yau, Malevich ya nuna zane 39, cikinsu har da Baƙin Murabba'i, wanda ya rataya a saman kusurwar ɗaki, wurin da Kiristocin Rasha suke ajiye hotunan ibada. Salonsa shi ne siffofi kaɗan suna shawagi a farin fili, a karkace, babu layin da ya riƙe su, babu ƙasa babu sama.

Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Zanensa na jajayen siffofi takwas da ke Amsterdam, na 1915, ja da fari ne kawai. Da bututu uku zuwa shida za ka yi duk abin da ya yi a shekarun farko.

Wahalarsa a ɓoye take. Tun da babu layin da zai tallafi siffa, nauyin zanen gaba ɗaya yana kan tazarar da ke tsakaninsu da kusurwar karkatarsu. Ka matsar da ɗaya da santimita biyu, tsarin ya mutu. Yanki siffofin a takarda mai launi, ka shimfiɗa su, ka ɗauki hoto da waya, ka sauya, ka sake ɗauka, ka kwatanta. Babbar siffa ɗaya ta jagoranci sauran, ƙanana su bi ta ko su gitta ta. Bakin siffofinsa da hannu ya ja shi bisa alamar fensir, ba shi da kaifin na inji, kuma Baƙin Murabba'in kansa in an auna gefunansa ba su yi daidai cif ba. Wannan ɗan kaucewar ce take ba shi rai. Wanda hannunsa yake rawa ya yi amfani da tef, amma ya sani zai rasa wani abu.

Babu zanen da ya fi Baƙin Murabba'i koyar da ƙarko. Faɗinsa santimita 79.5, yana gidan adana zane na Tretyakov a Mosko, kuma fuskarsa duk ta dare, launuka suna leƙowa ta tsagar. Binciken da aka yi masa a 2015 ya nuna zane biyu masu launi a ƙarƙashin baƙin. Ya ɗora baƙi a kan fentin da bai gama bushewa ba, na sama ya daskare, na ƙasa yana ci gaba da motsi, sai na saman ya tsage. Zuwa 1929 ya riga ya sake zana wani don baje kolinsa a wannan gidan. Shekara 14 ke nan kacal. In da fentin mai kake aiki, kada ka ɗora shafi sai na ƙasa ya bushe sarai, kuma kowane shafi na sama ya ɗan fi na ƙasa mai. Baƙin da ake yi da ƙonannen ƙashi yana jinkirin bushewa, yana kuma saurin darewa in ya yi kauri. Baƙin Mars ya fi aminci.

Fari a kan Fari, na 1918, wanda ke Niyok, farin murabba'i ne mai sanyin launi a karkace bisa fari mai ɗumi. Kyansa ba a magana, amma ba na ɗakin da ƙura take shiga ba ne. Hunturu biyu sun isa su shafe bambancin fararen. Man linsid ma yana sa fari ya koma rawaya-rawaya, musamman a ɗaki mai duhu, farin zinki kuma yana ƙagewa ya ɓamɓare da tsufa. A yi amfani da farin titaniyam.

Hanyar Delaunay

Nan launi ne sarki. Robert da Sonia sun gina aikinsu a kan binciken Chevreul, masanin sinadarai da ya yi aiki a marinar Gobelins ta Faris, wanda ya bayyana a 1839 cewa launi yana sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa. Ja kusa da kore ya fi ja, shuɗi kusa da ruwan lemo ya fi shuɗi, haka rawaya da shunayya. Faifan Robert na 1913, mai faɗin santimita 134, zobba ne cikin zobba da aka raba gida huɗu, kowane yanki da launinsa. Sonia kuwa ta fara ne a 1911 da bargon jaririnta Charles, wanda ta ɗinka da ƙyallaye, daga baya ta kai salon kan yadi da tufafi.

Shi ne mafi cin kuɗi: bututu goma zuwa goma sha biyu. Ana buƙatar ja biyu, shuɗi biyu, rawaya biyu, mai ɗumi da mai sanyi a kowanne, sai kore, ruwan lemo da shunayya na asali. In ka ce za ka haɗa shunayya daga jan kadmiyam da shuɗi, ruwan ƙasa za ka samu, domin wannan jan yana da rawaya a cikinsa.

Tef ba ya lanƙwasa, don haka da'ira aikin hannu ce. Ƙarama a ja ta da kamfas. Babba kuwa, sami dogon kwali siriri, ka kafe gefe ɗaya da allura a tsakiya, ka huda ramuka a jikinsa gwargwadon faɗin zobban, ka sa fensir ka juya. Ya fi zare, don zare yana miƙewa. Wajen cikawa, ɗora kambas a tebur, ka riƙa juya shi maimakon murɗa hannunka, da buroshi mai faɗin milimita 10 ko 12. Kada ka cika yankuna biyu maƙwabta a jere. Tsallake ɗaya, ka dawo bayan ya bushe.

Duk da haka, shi ne mafi yafiya a cikin huɗun. Su kansu ba su ɓoye sawun buroshi ba, bakin zobbansu ma ba kaifi gare shi ba. In launi bai zauna ba, ka shafe yankin nan kaɗai. Haɗarinsa koɗewa ce. Jan alizarin, shunayya mai araha da duk launuka masu ƙyalli suna dushewa a hasken rana, kuma launi ɗaya in ya koɗe, wanda yake gogayya da shi ya rasa abokin tafiya. Duba bayan bututu, ka ɗauki mai alamar ASTM I ko II, wato ma'aunin juriyar launi ga haske.

Hanyar Kandinsky ta Bauhaus

Kandinsky ya koyar a Bauhaus daga 1922 har aka rufe ta a 1933. A nan ne ya danganta rawaya da alwatika, ja da murabba'i, shuɗi da da'ira. Babban zanensa na 1923 da ke gidan adana zane na Guggenheim a Niyok, mai santimita 140 da 201, cike yake da da'irori, siraran layuka, bakuna da ƙananan gidaje irin na dara a kan fili mai launi a dushe.

Ya fi dacewa da takarda, kuma shi ma ya yi ayyuka da yawa a kanta da fentin ruwa da tawada, har da feshi ta cikin yankakken kwali. Takarda mai nauyin giram 300, fentin guwash (fentin ruwa mai kauri) launi takwas, tawadar da ruwa ba ya narkarwa, kamfas da alƙalamin jan layi sun isa. Feshin ana yinsa da tsohon buroshin haƙori. Fara da fili, ka bari ya bushe, ka sa manyan siffofi, siraran layuka a ƙarshe. Kayan ba su da tsada, amma firam da gilashi dole ne, da kwalin da zai hana takardar taɓa gilashin, in ba haka ba damina ɗaya za ta kawo funfuna. Kuskuren layin tawada ba ya goguwa. Mai koyo kuma yakan yi ta ƙara siffofi har shafin ya cushe, alhali a zanen nan na 1923 babbar da'ira ɗaya ce a sama ta hagu take riƙe da komai.

Fentin mai ko akirilik

Dukansu huɗun da fentin mai suka yi manyan ayyukansu, akirilik, wato fentin roba da ake sirkawa da ruwa, bai shigo hannun masu zane ba sai a shekarun 1950. Ga mai aiki a Kano ko Damagaram, akirilik ya fi dacewa da salon Mondrian da na Malevich: yana bushewa cikin minti 20 zuwa 30, ƙura ba ta samun lokacin mannewa, ba ya darewa da sauƙi. A hunturu yakan bushe a bakin buroshi, sai a ajiye kwalbar feshin ruwa a kusa. Yana kuma ƙara duhu in ya bushe, don haka a haɗa launin da zai isa fili gaba ɗaya tun farko. Fentin mai ya fi zurfin launi, ya fi dacewa da Delaunay, amma kowane shafi yana son kwana biyu zuwa bakwai, a jingine zanen fuskarsa na duban bango, kuma ba a sa masa banish, wato shafin kariya na ƙarshe, sai bayan wata shida. Ana ɗora mai a kan akirilik, ba a ɗora akirilik a kan mai. Fentin ƙofa mai sheƙi yana tsagewa a kambas, sai dai a kan katako.

| Salo | Kuɗin kaya | Sauƙi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mondrian | Kaɗan, bututu 5 | Awo da haƙuri | Mai kyau da akirilik | Bakin layi, rabon filaye daidai |
| Malevich | Mafi araha, bututu 3 zuwa 6 | Hannu da sauƙi, tsari da wuya | Fari yana ɗaukar ƙura | Darewa in an yi gaggawa |
| Delaunay | Mafi tsada, bututu 10 zuwa 12 | Yana yafe kuskure | Ya dogara da ingancin launi | Koɗewa, launi ya jagule |
| Kandinsky | Matsakaici, har da firam | Mafi wuya ga hannu | Rauni a laima | Cushewa, layin da ba ya goguwa |

Ga mai tunanin saye maimakon zanawa, na asali ba abin nema ba ne. An sayar da wani zanen Malevich na 1916 a kan dala miliyan 85.8 a 2018, wani na Mondrian na 1930 kuma dala miliyan 51 a 2022. Jabu sun yi wa ayyukan Rasha na wancan zamani yawa, har gidan adana zane na Ludwig a Kolon ya baje kolin waɗanda ya gano a cikin nasa a 2020. Duk wanda ya tallata maka "na asali" a intanet da araha, ka rabu da shi. Kwafi bugagge ba laifi, in an buga da tawada mai jure haske aka sa a gilashi. Mai son kwaikwaya don sayarwa kuma ya sani: a ƙasashen da haƙƙin mallaka yake ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai aiki, ciki har da Najeriya, wa'adin ya cika ga Malevich da ya mutu a 1935, Robert Delaunay a 1941, Mondrian da Kandinsky a 1944. Sonia ta kai 1979, nata bai cika ba.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin da kuɗinsa kaɗan ne, yana son ya koyi tsari, ya fara da Malevich, da yankakkiyar takarda tukuna, sannan akirilik launi uku a ƙaramin kambas. A ganina babu abin da ya fi wannan horar da ido, don babu wani ado da zai fake a bayansa.

Mai rubutun allon talla, mai fentin gida ko kafinta, wanda ya saba da rula da tef, Mondrian ne nasa. Shi ne kuma ya fi dacewa da ofis, asibiti ko bangon shago, don ana ganinsa daga nesa, in an sa masa banish kuma ana iya goge ƙurarsa da tsumma mai taushi.

Tela, mai rini, mai ɗinkin hula, ko duk wanda ya riga ya san yadda launi yake zama da launi, ya bi Delaunay, ko da hannunsa bai saba da buroshi ba. Falo mai faɗi ma shi yake so, muddin rana ba ta dukan bangon kai tsaye.

Wanda ya iya zanen gini ko na injiniya, yana da teburi da ɗaki marar laima, ya ɗauki Kandinsky a takarda. Wanda bai taɓa riƙe alƙalamin jan layi ba ya bar shi zuwa gaba.

In kuwa bangon da za a rataya zanen yana kusa da taga ko ƙofar da iska take shigowa, a cire Fari a kan Fari da duk aikin takarda daga lissafi, a zaɓi Mondrian ko Delaunay da akirilik, a kan katakon filawud mai kaurin milimita 6 da aka shafa wa jeso gaba da baya don kada ya lanƙwashe.